Motar Dogo: Tarihin Ƙaramin Jirgin Karkara da Masu Raya Shi a Ostireliya

Motar dogo wani tarago ne na fasinja da ke ɗauke da injinsa a jikinsa, don haka ba ya jiran kan jirgi ya zo ya ja shi. Direba yana zaune a ɗan ɗakinsa a goshin taragon, fasinjoji suna bayansa, kuma akwai wani ɓangare da aka ware wa kaya da jakunkunan wasiƙu. A Ostireliya, inda ake kiranta relmoto, wannan ƙaramar mota ta yi wa ƙauyuka da ƙananan garuruwa hidima tun daga shekarun 1920 har zuwa ƙarshen shekarun 1970, wasu ma sun zarce haka. Mafi yawan layukan da ta bi an rufe su, an tuge dogon. Amma akwai kaɗan daga cikin motocin da suka tsira, suna ɗaukar fasinja har yau a hannun 'yan sa kai. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi tara su shi ne layin tarihi na Daylesford da ke jihar Biktoriya.

Abin da ya haifi motar dogo lissafin kuɗi ne. A ƙarshen ƙarni na goma sha tara Biktoriya ta shimfiɗa dogo ba ji ba gani. Zinare ya kawo dukiya, kowane ɗan majalisa kuma yana son jirgi ya ratsa mazaɓarsa, har wata doka guda ta 1884 ta amince da sababbin layuka sama da hamsin. Da yawa daga cikinsu sun ƙare ne a garuruwan da mutanensu ba su taka kara sun karya ba. Jirgin tururi kuwa ba ya duba yawan fasinja kafin ya ci kuɗi. Sai an hura masa wuta sa'o'i kafin ya motsa, sai an tanadar masa kwal da tankunan ruwa a hanya, sai an kwashe tokarsa, sannan ga direba, ga mai zuba kwal, ga mai gadin jirgi. In duk wannan hidima don mutum goma sha biyu aka yi ta, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Dabarar da hukumar jiragen Biktoriya ta daɗe tana yi ita ce ta maƙala taragon fasinja a jikin jirgin kaya. Fasinja ne ke shan wahalar wannan tsari, domin a kowace tasha sai ya zauna jiran a cire taragon dankali a sa na katako. Da motocin haya suka fara yawa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutanen karkara suka fara juya wa jirgi baya.

Harold Clapp, wanda ya shugabanci hukumar jiragen Biktoriya daga 1920 zuwa 1939, ya yi aiki a kamfanonin jirgi na Amurka kafin ya komo gida. A zamaninsa, a 1922, aka fito da motocin dogo na AEC: ƙashin babbar mota ne daga Ingila, aka sa masa ƙafafun ƙarfe, aka gina masa jiki a masana'antar hukumar da ke Newport. Suna shan fetur, kuma ta gefe ɗaya kawai ake tuƙa su, saboda haka in sun kai ƙarshen layi sai an juya su kafin su komo. Na Leyland da suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1920 sun magance wannan, domin suna da wurin direba gaba da baya.

Babban ci gaba ya zo a 1928 da wata mota mai jikin ƙarfe da aka ɗauko fasalinta daga kamfanin Electro-Motive na Amurka. Guda goma aka yi, aka ba su lamba 55 zuwa 64. Injinsu ba ya juya ƙafafu kai tsaye. Janareto yake juyawa, wutar da ta fito ita ke tafiyar da wasu injinan lantarki da ke haɗe da ƙafafun. Amfanin wannan tsari shi ne babu kuloci babu canjin giya, ƙarfin kuma yana zuwa sumul tun daga tashi, har motar na iya jan tarago ɗaya ko biyu a bayanta. Da farko injin Winton mai shan fetur aka sa musu, mai ƙarfin doki 220. A farkon shekarun 1950 aka cire shi, aka sa wa kowace mota injinan dizal biyu na General Motors. Dalilan a bayyane suke: dizal ya fi araha, injinsa ya fi tsimin mai, kuma ba ya kama wuta da sauri kamar fetur, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne ga motar da tankinta ke kusa da fasinja. Da wannan sauyi motocin suka ƙara shekaru kusan arba'in suna aiki, sai a farkon shekarun 1990 aka sallami na ƙarshensu.

Motocin da mutanen Biktoriya suka fi tunawa su ne na Walker. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jiragen jihar sun gaji tiɓis, hukumar ta shiga sabunta kayan aiki, ta yi odar injina daga kamfanin Walker Brothers na garin Wigan a Ingila, wanda ya riga ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan motoci ga ƙananan layukan ƙasar Ailan. Jikin kuwa kamfanin Martin & King na Melbourne ne ya gina. Iri uku ne, kuma da ƙarfin injinsu ake kiransu: mai doki 102, mai doki 153, da mai doki 280. Na farko ya fara aiki a 1948. Babbansu, mai 280, ya fito a 1950, kuma fasalinsa abin kallo ne. Gaɓa uku gare shi. A tsakiya akwai ɗan gajeren ɗaki da ke ɗauke da injinan Gardner guda biyu, kowanne mai doki 140, sai taragon fasinja ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa, kowanne da ɗakin direba a ƙarshensa. Fasinja sama da casa'in yake ɗauka, kuma manyan tagoginsa sun sa mai tafiya yana kallon gonaki da daji yadda tsofaffin taragun katako ba su taɓa ba shi dama ba. Layin Melbourne zuwa Daylesford na cikin waɗanda suka fara ganin irinsa.

Darajar motar dogo ba a girmanta take ba, a irin hidimar da ta yi take. Ita ke kawo jaridar safe da wasiƙu, ita ke ɗaukar gwangwanayen madara, da ƙullin kaya daga kantunan birni, da kayan gyaran tarakta. 'Yan makarantar sakandare na ƙauyuka da ita suke zuwa gari su komo. Saboda ba ta da nauyi, tana tsayawa da sauri ta tashi da sauri, hukumar ta ƙirƙiro mata wuraren tsayawa na musamman, galibi a inda hanyar ƙauye ta tsallaka dogo. Babu ginin tasha a wurin, wani lokaci lamba ce kawai maimakon suna. Manomi ya tsaya ya ɗaga hannu, direba ya taka birki. Direba da mai gadin jirgi su kaɗai ne ma'aikatanta, kuma sun san fasinjojinsu ɗaya bayan ɗaya. Manyan jirage masu suna, irin waɗanda ake buga hotonsu a takardun talla, sun haɗa birni da birni. Wanda ke zaune a ƙarshen layi kuwa, wannan 'yar motar ce jirginsa, kuma tarihin zirga-zirgar talakan karkara a jikinta yake.

Sai dai motocin Walker sun zo a makare. A shekarar da motar Walker ta farko ta hau dogo, 1948, a shekarar ne kamfanin Holden ya fito da motarsa ta farko ƙirar Ostireliya. A 1950 aka daina rabon fetur da kati, wanda aka fara tun lokacin yaƙi. Kwalta ta isa ƙauyuka, iyali bayan iyali suka sayi mota, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya. Motar dogo ta rage asarar da layukan ke yi, ta jinkirta mutuwarsu da shekaru ashirin ko talatin, amma ba ta iya hana ta ba. Su kansu motocin Walker an gina su da sauƙin nauyi don su bi raunanan layuka, kuma wannan ya sa suka tsufa da wuri. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 suna jijjiga, suna yawan lalacewa, hukumar kuma ba ta da niyyar kashe musu kuɗi. Aka riƙa rufe layuka ana maye gurbinsu da bas. Zuwa farkon shekarun 1980 an janye motocin Walker gaba ɗaya, akasarinsu aka yanka aka sayar a matsayin ƙarfe.

Daylesford gari ne na tuddai, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai daga Melbourne ta arewa maso yamma. Zinare ne ya kafa shi a shekarun 1850, daga baya ya yi suna da maɓuɓɓugan ruwa masu sinadari da mutane ke zuwa sha da wanka. Dogo ya iso shi a 1880, reshe ne da ya rabu da babban layin Bendigo a Carlsruhe, ya ratsa dajin Wombat ta Trentham. Katako da dankalin turawa da masu zuwa hutu su ne abin da ya ɗauka. A 1978 aka rufe shi.

A lokacin ra'ayin cewa talakawa na iya riƙe layin dogo da kansu ba sabon abu ba ne. 'Yan sa kai sun karɓi layin Talyllyn a yankin Wales tun 1951, kuma a Biktoriya kanta an sake buɗe jirgin Puffing Billy a 1962 bayan jama'a sun tashi tsaye. Amma kusan dukan waɗannan ƙoƙari jirgin tururi suka sa a gaba, domin shi ke da hayaƙi da usur da ke jan 'yan kallo. Ƙungiyar da aka kafa a Daylesford a 1980, mai suna Central Highlands Tourist Railway, ta ɗauki wata hanya daban, ta mayar da hankali kan motocin dogo, a daidai lokacin da ake jibge su a matsayin shara. Ta fara ne da ɗaukar mutane a ƙananan kekunan inji na ma'aikatan gyaran dogo. A 1990 motar dogo ta fara kai fasinja Musk, a 1997 aka isa Bullarto, tafiyar kusan kilomita tara daga Daylesford. Bullarto na kan tudu, sama da mita 700 daga matakin teku, kuma babu tashar jirgi mai aiki a jihar da ta fi ta tsayi. Daga baya aka sauya wa layin suna zuwa Daylesford Spa Country Railway. Ran Lahadi ake tafiya, kuma kasuwar Lahadi da ke ci a filin tashar na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙungiyar.

Zaɓin nan ya nuna hangen nesa. Abubuwan da suka sa hukuma ta so motar dogo a 1922 su ne suka sa 'yan sa kai ke iya riƙe ta a yau. Mutum biyu sun isa su tafi da ita. Ba ta da tukunyar tururi da za a riƙa gwadawa ana kashe mata makudan kuɗi. Nauyinta bai fi ƙarfin tsohon dogo ba. Kuma a dajin itatuwan turare, waɗanda ganyensu mai maiƙo ke kama wuta nan da nan in rani ya yi, injin da ba ya feshin tartsatsi ya fi jirgin kwal kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. A rumfunan Daylesford akwai Walker mai doki 280 mai lamba 91, da ƙaramarta mai lamba 32, da mai janareto mai lamba 63 wadda shekarunta sun haura casa'in, da Leyland mai lamba 53, da kuma DRC 40, ɗaya daga cikin motoci masu na'urar sanyaya iska da kamfanin Tulloch ya ƙera a farkon shekarun 1970. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga kusan dukan tarihin motar dogo a jihar.

Inji ba shi ne babbar matsalar masu gyara ba, ko da yake baƙo zai zaci haka. Injinan Gardner, ƙirar Patricroft kusa da Manchester, an yi su ne su juya a hankali su daɗe, kuma an sa dubbai a bas-bas da manyan motoci da jiragen ruwa, saboda haka har yanzu ana samun masu sayar da kayan gyaransu ko da yake an daina ƙera su tun shekarun 1990. Haka injin General Motors samfurin 71, wanda ya fito a 1938, ya shiga tankokin yaƙi da jiragen ruwan soja da janareto a ko'ina cikin duniya. Fistin da zobba da bututun mai ba su gagara. Abin da ke gagara shi ne kayan da aka ƙera don motoci goma ko goma sha biyu kacal: haƙoran akwatin giya, gaɓar da ta haɗa ɗakin inji da tarago, firam ɗin taga, makullin ƙofa. In ɗayansu ya karye babu kantin da za a je. Ko dai a ciro daga wata motar da ta mutu, ko a nemo tsohon zanen masana'anta, ko a auna karyayyen a sassaƙa sabo. Shi ya sa ƙungiyoyin ke ajiye motocin da ba za su sake tafiya ba, kuma suke tattara takardun zane kamar yadda suke tattara ƙarfe.

Babban maƙiyi shi ne ruwa. Yana shiga ta inda robar taga ta tsage, ya gangara cikin bango inda ido ba ya gani, ya tsaya a ƙasa. Bayan shekaru, in an ɓamɓare fallen waje, sai a tarar ginshiƙan ƙarfe sun zama garin tsatsa, katakon daɓe ya ruɓe, wayoyin lantarki kuma rigarsu ta bushe tana marmashewa. Gyaran irin wannan mota ɗaya kan ɗauki shekaru, domin masu yinsa mutane ne masu zuwa a ƙarshen mako: mai walda, kafinta, mai ɗinkin kujera, mai wayarin, da tsofaffin ma'aikatan jirgi da suka yi ritaya. Saboda haka rumfa mai rufi ta fi fenti muhimmanci. Motar da aka gama gyarawa aka bar ta a fili, an soma lalata ta ke nan tun daga ranar.

Sannan ga dogon kansa, wanda ya fi kowace mota cin kuɗi da ƙarfi. A kowace kilomita akwai gungumen katako fiye da dubu da aka ɗora dogo a kansu, kuma kowace shekara sai wasu sun ruɓe. Sauya guda ɗaya na nufin a zare ƙusoshi, a ɗaga dogo da jak, a janye tsohon, a tura sabo, a buga ƙusa, a cusa tsakuwa a ƙarƙashi har ya zauna daram. A watan Fabrairu na 2009, watan da gobarar daji ta kashe mutum 173 a Biktoriya, wata wuta ta tashi kusa da Daylesford ta cinye katakan layin na fiye da kilomita guda. Sai a ƙarshen 2013 motar dogo ta sake isa Bullarto. Aikin da wuta ta rushe a yini ɗaya ya ci shekaru kusan biyar kafin a maido shi.

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakanin masu wannan aiki. Wasu na ganin abin tarihi a bar shi yadda yake, domin duk ƙarfen da aka sauya an rage wani abu na asali. Wasu kuma na cewa motar da ba ta tafiya rabin labarinta kawai take bayarwa. Doka ma ta shigo ciki, domin layin tarihi da ke ɗaukar fasinja sai ya sami izinin hukumar kula da lafiyar jiragen ƙasa kamar kowane kamfani. Ana gwada birki, ana auna ƙafafu, ana duba lafiyar direbobi, ana rubuta komai. Wannan kan tilasta ƙara na'urorin da motar ba ta da su a zamaninta, masu gyara kuma su yi ƙoƙarin ɓoye su yadda ba za su ɓata kamanninta ba. Hujjar masu son a riƙa tafiya da motocin ta fi ƙarfi. Sanin yadda ake sauraron inji a gane ciwonsa, da yadda ake tsayar da mota a kan dogo mai santsi da ganye ya rufe, ba a cikin littafi yake ba. Yana hannun mutanen da yawancinsu sun manyanta, kuma sai mota na tafiya ne matashi zai tsaya kusa da su ya koya.

Biktoriya ba ita kaɗai ke da wannan gado ba. A jihar New South Wales an ƙera motoci masu jikin katako samfurin CPH guda 37 daga 1923 zuwa 1930, aka sauya musu inji zuwa dizal bayan yaƙi, suka yi aiki har tsakiyar shekarun 1980. Ƙungiyar Rail Motor Society, wadda aka kafa a 1984 a garin Paterson, tana riƙe da wasu daga cikinsu, kuma ba ta tsaya ga ɗan gajeren layi ba, tana fita da su yawon buɗe ido a kan manyan layukan jihar.

A can arewacin Queensland kuwa akwai layin da ba a taɓa rufewa ba, kuma hukumar jiragen jihar ce ke tafiyar da shi da kanta. Ya tashi daga Normanton zuwa Croydon, kilomita 151, an gina shi daga 1888 zuwa 1891 saboda zinaren da aka samu a Croydon. Faɗin dogonsa milimita 1,067 ne, daidai da tsohon layin Legas zuwa Kano. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ambaliya na rufe ta da damina, gara kuma ba ta barin katako. Saboda haka injiniya George Phillips ya yi amfani da madogaran ƙarfe masu rami a ciki, aka cika su da ƙasa aka kwantar da su kusan daidai da doron ƙasa, yadda ruwa zai bi ta kansu ya wuce ba tare da ya tafi da layin ba. Mafi yawansu na nan har yau. Da zinare ya ƙare, motar dogo ce ta hana a rufe layin, kuma tun 1929 aka daina amfani da jirgin tururi a kansa. Motar da ke bin sa yanzu, wadda ake kira Gulflander, ita ce mai lamba RM93, ƙirar masana'antar Ipswich ta 1950, da injin Gardner mai doki 102, kuma an kawo ta Normanton a 1982. Tana tashi ran Laraba, ta yi kusan sa'a biyar a hanya tare da tsayawa shan shayi a Blackbull, ta kwana a Croydon, ta komo ran Alhamis, in damina ta yi tsanani kuma a dakata. Layin bai taɓa haɗuwa da sauran layukan Queensland ba, don haka gyaran yau da kullum a Normanton ake yinsa, duk wani abu mai nauyi da ake buƙata kuma a bayan babbar mota yake isowa.